Wace kalma za mu ba "resilience"? Juriya ba ta ɗauke ta ba

1/ Tun da na yi targaɗe a idon sawu na bar gudu har mako bakwai, kalma ɗaya nake ta cin karo da ita a duk rubutun da ya shafi komawa motsa jiki bayan rauni: resilience. Masu fassararmu kusan duk "juriya" suke sawa. Ban gamsu ba, kuma ba son gardama ba ne. Fassarar nan tana iya sa mutum ya nakasa kansa.

2/ Mu fara daga tushe. Kalmar ta fito ne daga Latin, resilire, wato abu ya yi tsalle ya komo, kamar ƙwallon roba da aka maka da ƙasa. Injiniyoyi sun daɗe suna auna katako da ƙarfe da ita: yaya abu zai lanƙwasa ya koma yadda yake ba tare da ya karye ba. Daga baya masana halayyar ɗan Adam suka ara. Ɗaya daga cikinsu, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, ta ga kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin mawuyacin hali sun girma lafiya lau. Abu biyu ke cikin kalmar ke nan: akwai bugu, akwai komowa.

3/ Juriya kuwa bugun kaɗai ta sani. Mai juriya shi ne wanda ya cije, ciwo na cinsa bai ce uffan ba. Hali ne mai kyau a inda ya dace. Wanda ke zagaye na ƙarshe numfashi na neman ƙwace masa, juriya yake buƙata. Amma ka ce wa mai ciwon gwiwa "ka zama mai juriya", me ya ji? Ya ji an ce ya ɗaure wurin da bandeji ya koma fili. Ni ma haka na ji. Kwana goma da targaɗen na zura takalmi, igiyar ma ba ta ɗauru sosai ba saboda kumburi, na fita ina ɗingishi ina ce wa kaina ai namiji ba ya raki. Ciwon da zai warke a mako uku sai da ya ci bakwai. Dauriya da cijewa duk ɗakinsu ɗaya da juriya, shi ya sa na ajiye su gefe.

4/ Haƙuri? Ya yi faɗi. Mai haƙuri yana iya zama ya rungumi ƙaddara bai sake taka fili ba, kuma ba wanda zai ce bai yi haƙuri ba.

5/ Wani ɗan'uwa ya kawo "taurin rai". Malam, abin da ya yi tauri ai shi ke karyewa. Wata 'yar'uwa ta ce "danƙo", kuma har ga Allah shawararta ta burge ni, don ita ce ta fi kusa da ma'anar injiniyoyi: a ja ya miƙe, a saki ya koma. Sai dai kunnen Bahaushe ya riga ya ba danƙo wani aiki. Kana cewa "danƙon zuciya" za a ɗauka zancen zumunci ko soyayya kake.

6/ Saura murmurewa da farfaɗowa. Murmurewa ta jiki ce: mara lafiya ya fara cin abinci, fuska ta ciko. To, a nan gizo ke saƙar, domin jiki yakan warke ya bar zuciya a kwance. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara bincike da dama kan 'yan wasan da aka yi wa tiyatar jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL, ya nuna kashi 81 cikin 100 sun koma wani nau'in wasa, amma kashi 55 kacal suka koma gasa. Cikin manyan dalilan da suke bayarwa akwai tsoron sake jin rauni. Gwiwa ta murmure, mai gwiwar bai farfaɗo ba. Faɗuwar gaba asarar namiji, in ji magabata, kuma mata ma ba su tsira ba.

7/ Saboda haka abin da nake ba da shawara shi ne: ƙarfin farfaɗowa. Idan ana so a fayyace cewa na tunani ake nufi, a ce ƙarfin farfaɗowar zuciya. Farfaɗowa ta yarda cewa an faɗi. Ba a cewa wanda bai suma ba ya farfaɗo. Kasuwar da ba ta mutu ba ba a cewa ta farfaɗo. Kalmar ba ta jin kunyar kwanciya, kuma hutun da likita ya ce a yi yana cikin aikinta. "Ƙarfi" kuma yana nuna abu ne da ake ginawa kamar tsoka, ba gado ba ne da wasu suka samu wasu suka rasa.

8/ Mu gwada ta a kan Ronaldo na Brazil. A watan Afrilun 2000, yana Inter Milan, 'yan mintuna da shigarsa wasa da Lazio bayan jinyar watanni, jijiyar ƙoƙon gwiwarsa ta tsinke. Ya fi shekara bai buga wasa ba. A 2002 ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya, biyu daga ciki a wasan ƙarshe da Jamus. In ka ce "Ronaldo ya nuna juriya", ka ba da rabin labari. "Ronaldo ya nuna ƙarfin farfaɗowa" ta ɗauko shi tun daga gadon asibiti har zuwa ɗaga kofi.

9/ Tana kuma shiga bakin mai horarwa ba tare da tuntuɓe ba. "Kada ka auna kanka da nauyin da kake ɗagawa bara. Fara da rabinsa, muna gina ƙarfin farfaɗowa ne." Maganar tana da madogara: ƙarfin numfashi yakan fara raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu da barin atisaye, amma tsokar da ta taɓa horuwa ta fi saurin dawowa a kan wadda ba ta taɓa ba. Wanda ya san haka ba zai karaya ba don ya ga ya koma baya.

10/ Na san ta yi tsawo, kalma biyu a madadin ɗaya. A hira za a iya taƙaitawa a ce "yana da farfaɗowa", kamar yadda muke cewa "yana da naci". Ranar da na koma gudu da izinin likita, minti goma kawai na yi, ina taka ƙafar a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Da na dawo gida na buɗe littafin da nake rubuta atisayena, na soke "juriya" da ke saman shafin, na rubuta "farfaɗowa, rana ta ɗaya".