'Yar bindigar fenti ta ƙananan samfura: wacce za a saya, kuma me ke toshe ta?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu fentin ƙananan samfuran roba, irin tankokin yaƙi na ma'aunin 1/35, jirage na 1/72 da 'yan sojoji masu tsayin milimita 28, mu haɗa abin da hannu ya gwada domin sababbin shiga. Zan fara da zaɓi. A sayi mai kofi a sama, wadda fenti ke gangarowa da kansa: iska kaɗan take so, ɗigo biyar na fenti ya ishe ta aiki, wankinta kuma ba wuya. Mai kwalba a ƙasa sai ta zuƙo fentin, don haka tana neman iska mai ƙarfi, ta fi dacewa da babban aiki. Kunamar kuma ta kasance mai aiki biyu, ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo.

Mai Kwampreso: Wa alaikumus salam. Haka ne Malam, sai dai inda mutane suka fi yin asara shi ne girman nozul, wato ɗan bakin da fenti ke fitowa ta cikinsa. Sabon shiga yakan ga 0.2 ya ce ai samfurina ƙarami ne, wannan ce tawa. Ramin milimita 0.2 kuwa ɗan gudajin fenti ɗaya ke rufe shi. A fara da 0.3 ko 0.35, irin na Iwata Eclipse HP-CS. Badger Patriot 105 tana zuwa da 0.5, ba ta jan siririn layi sosai amma tana haƙuri da fenti mai kauri, musamman fentin shimfiɗa, wanda ake fara shafawa kafin launi. A duba kuma yadda nozul ɗin ke zama. Na Eclipse da na Harder & Steenbeck zura su ake yi, murfi ya riƙe su. Na masu araha kuwa ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar shinkafa, mai tiredi, da 'yar sifana ake ɗaure shi. Ka ƙara juyi kaɗan, sai ya karye ya bar gindinsa a ciki.

Hajiya Mai Zane: Ban yarda a tsorata mutane da mai araha ba, Malam. Tana fesawa lafiya idan fentin ya yi daidai, kuma gara a koyi kwancewa da lanƙwasa allura, wadda ke buɗe nozul da rufe shi, a kanta. In kuɗi bai kai ba, a rage a bindiga a ƙara a kwampreso, injin da ke ba ta iska. A nemi mai tanki, irin AS186 mai lita 3, da geji da tarkon ruwa, mai tace ruwa daga iska. Marar tanki iskarsa bugawa take yi kamar numfashi, injin ba ya hutawa muddin ana feshi, yana zafi, zafin kuma ke ƙara tara ruwa a tiyo. Wanda zai yi oda daga Amurka ya duba lantarkin, nasu 110 ne, namu 220 zuwa 240.

Mai Kwampreso: Na karɓa, Hajiya. Ƙari a kan tanki: lita 3 ba za ta gama maka samfuri ba idan an ɗauke wuta. Iskar da ta rage a yi amfani da ita a wanke bindiga nan take, kafin fenti ya daskare a ciki.

Baban Yara: Bari in daɗe a kan sirki, domin mafi yawan abin da ake ɗora wa bindiga laifin fenti ne. Kaurin da ake nema shi ne na madara sabuwar tatsa, ba na kindirmo ba. Ka ja ɗigo a jikin kofi da tsinke: ya gangaro da sauƙi ya bar launi shara-shara a bayansa. A dama a wata 'yar roba daban. In ka zuba fenti mai kauri kai tsaye a kofi, shi zai fara sauka cikin nozul, tina, ruwan sirkin, kuma ta tsaya a sama.

Fentin Tamiya a sirka shi da tinarsu ta X-20A, ɗaya da ɗaya, ko kashi biyu na tina idan ana son shafi mai laushi. Vallejo Model Air an riga an sirka shi, amma ɗigo ɗaya ko biyu na ruwansu mai sa fenti gudu a kowane ɗigo goma yana rage toshewa. Kada a ɗauka duk abin da aka rubuta wa akirilik ɗan gida ɗaya ne. Tamiya yana shan sipirit, Vallejo kuwa in ya haɗu da shi yakan tsinke ya yi gudaji mai danƙo, sai an kwance komai.

Iska a fara da 18 zuwa 20 a ma'aunin psi, a karanta gejin lokacin da aka danna kunama, domin yakan sauka. Fentin shimfiɗa yana son 25 ko sama kaɗan. Sannan a koyi karatun abin da ya fito a kan takarda. In ya watsu kamar ƙafafun gizo-gizo, fenti ya yi ruwa da yawa, ko an matso kusa, ko an ja kunama fiye da kima. In yana tofar da ɗige-ɗige, ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan. In jikin samfurin ya yi kaushi kamar an barbaɗa yashi, fentin ya bushe a iska kafin ya isa: a rage iska, a matso zuwa santimita 8 ko 10.

Ɗan Zariya: Wannan kaushin da hunturu ya fi yawa. Iska a bushe take, fenti na daskarewa a tsinin allura cikin 'yan mintuna, layi ya fara yankewa. A ajiye ɗan burushi mai laushi jiƙe da tina, a riƙa share tsinin. Tsarin hannu ma na taimakawa: iska ta fara fitowa kafin fenti, a mayar da kunama gaba fenti ya tsaya, sannan a saki iska. Wanda ya saki gaba ɗaya yakan bar ɗigo a tsini, ya fantsama a feshi na gaba. Ƙura kuma a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a kife samfurin da roba mai tsabta har ya bushe.

Hajiya Mai Zane: Da damina kuma ruwa ne abokin gaba. Kana cikin feshi sai ta tofa ruwa a kan aikin. A danna tarkon ruwa kafin kowane zama, a kwance ɗan noti na ƙarƙashin tanki a zubar da abin da ya taru, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi ta ciki. Ƙaramin tarko na biyu a gindin bindiga ya fi kama abin da ya taru a tiyo.

Mai Kwampreso: Wanki. Tsakanin launi da launi, a zubar da ragowar, a goge kofi, a fesa ruwan wanki har ya fito fes. Ƙarshen aiki a sassauta notin baya, a cire nozul, a turo allura ta gaba in bindigar ta yarda, don kada a ja fenti zuwa wajen kunama. A goge ta daga gindi zuwa tsini. Nozul kaɗai ake jiƙawa. In aka tsoma jikin duka a tina, robobin bawul ɗin iska za su kumbura, kunama ta riƙa maƙalewa. Ruwan goge gilashi mai amoniya yana cin farin rufin cikin kofi. Kada a tura ƙarfe cikin nozul, kada kuma a danna allura da ƙarfi wajen mayarwa, tana taɓa baki a tsaya, in ba haka ba bakin zai buɗe ko ya tsage. Kumfa a kofi na nufin iska na komawa baya: murfi bai ɗauru ba, ko nozul ya toshe, ko ya tsage. A duba shi da madubin ƙara girma. Feshi in ya karkata gefe guda, mirgina allurar a kan gilashi, za ka ga tsinin yana rawa.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Takunkumin asibiti ya isa? Kuma tiyona ya ƙi shiga Badger ɗin da aka kawo mini.

Baban Yara: Bai isa ba, ɗan'uwa. Ko akirilik ne a sa mai tace ƙura na P2 ko P3, a buɗe taga. Idan da tina mai wari ne, sai mai gwangwanin gawayi irin A2P3. Tiyonka kuma lafiyarsa lau: yawancin bindigogi tiredin 1/8 gare su, Badger nata daban ne, ƙarami. Ka nemi 'yar mahaɗar Badger zuwa 1/8, ka ɗaure ta da hannu kawai.