Neman shawara: yaya zan riƙa bin sabbin fina-finai ba tare da asarar lokaci da data ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan kallo ne na sha'awa kawai, fim ɗaya ko biyu a mako ya ishe ni. Ina so in san yadda ake gane tirelar gaskiya, wato gajeren bidiyon tallan fim, tunda YouTube ta cika da tallan fina-finan da ba a ma ɗauke su ba. Sannan idan fim ya fita a sinima, sai yaushe yake isowa manhajojin kallo? Kuma wane maki ne abin dogaro? Sai ka ga fim da kashi 95 a wani shafi, a wani kuma 6 da ɗoriya.

Ɗan Sinima: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki batun maki, don nan aka fi ruɗewa. Kashi 95 na Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayoyin masu sharhin fim, ba yana nufin fim ya ci 95 cikin 100 ba. Ma'anarsa, cikin kowane masu sharhi ɗari, 95 sun ce fim ɗin ya kallu. Wanda ya ce "ba laifi" da wanda ya ce "ban taɓa ganin irinsa ba" ƙuri'a ɗaya suke da ita. Shi ya sa fim mai tsaka-tsaki da bai ɓata wa kowa rai ba yakan haye sama, wanda ya raba kan mutane kuwa ya tsaya a 60 ko ƙasa, alhali wata ƙila shi ne zai fi burge ka. Metacritic kuma matsakaicin makin masu sharhin take fitarwa, daga 0 zuwa 100, don haka lambarta kan fi ƙasa. 70 a can maki ne mai kyau.

IMDb, shafin bayanan fina-finai, makinta na masu kallo ne, daga 1 zuwa 10. Kada ka tsaya ga lambar. Danna ta, ka ga mutum nawa suka ba da maki da yadda ya rarrabu. In ka ga an jibge a 10 da 1, tsakiya fayau, to faɗan magoya baya ne da 'yan adawa, ba hukuncin masu kallo ba. Makin makon farko kuma na masoya ne da suka yi rububin zuwa. Ka ba shi mako biyu ko uku ya lafa.

Malamar Adabi: Ƙanena, tirela aikin minti ɗaya ne. Duba sunan tashar da ta ɗora: ta kamfanin fim ɗin ce, kamar Warner Bros. ko Universal Pictures, da alamar tantancewa a gefe? Sai ka buɗe bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon. Masu haɗa na bogi sukan ɓoye a can cewa ƙirƙira ce ta masoya. A hoton ma akwai alamu: fuskar jarumi sumul kamar an goge ta, leɓe ba ya bin magana, ko ka gane wani yanki daga tsohon fim ɗinsa. In har yanzu kana shakka, nemi fim ɗin a IMDb ka ga matakin da yake. Wanda ba a fara ɗauka ba ba shi da tirela.

Shawarata, ka kalli gajeren talla na farko ka tsaya nan. Tirela ta biyu da ta uku su ne masu tona rabin labari.

Injiniya: Kan lokacin isowa, babu ranar da aka yanke wa kowa. Kafin 2020 al'adar Amurka ita ce kusan kwana 90 a sinima kaɗai. Bayan korona abin ya ragu, manyan kamfanoni da dama suka koma wajen kwana 45. Universal ma ta yi yarjejeniya a 2020 da ta ba ta damar fitar da wasu bayan kwana 17. Amma ka lura, matakai biyu ne. Da farko fim yakan zo na haya ko na saye a Apple TV ko Prime Video, sai daga baya ya shiga cikin waɗanda kuɗin wata ya ɗauke, kuma wannan kan ƙara wata ɗaya zuwa uku. Fim ɗin da ke ci a sinima ana jan lokacinsa, wanda ya faɗi kuwa nan da nan za ka gan shi. Na Indiya masu harshen Hindi galibi mako takwas ne.

In za ka yi haya, ka san sharaɗinta: yawanci kwana 30 kafin ka fara, amma da ka danna sau ɗaya, awa 48 ta fara ƙirga. Kada ka buɗe "don ka leƙa" ranar Talata alhali Asabar za ka kalla.

Saka sunan fim a shafin JustWatch, ka zaɓi ƙasarka, za ta nuna maka manhajar da ke da shi, don lasisi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ranar fita kuma kada ka riƙe ta da ƙarfi. Dune: Part Two an sa masa Nuwamba 2023, yajin aikin 'yan wasa ya tura shi Maris 2024.

Ɗan Sinima: Injiniya, ka manta abu ɗaya. "Sabon fim" da ya bayyana a shafukan sata kwana biyu da fitarsa, galibi da kyamara aka ɗauko shi daga allon sinima. Hoto dishi-dishi, murya kamar daga cikin rijiya, ga shafukan cike da tarkon manhajoji masu cutar da waya. Jira ya fi.

Malamar Adabi: Ni kam ban ga dalilin zama ana lissafin maki har uku ba ga mai kallo ɗaya a mako. Nemo sunan daraktan fina-finai uku da ka fi so, ka ga me yake shirin fitarwa. Wannan ya fi kowace lamba faɗa maka gaskiya. In da yara za a kalla, alamar PG-13, mai gargaɗin iyaye kan yara 'yan ƙasa da shekara 13, ba ta wadatar ba. Buɗe sashen jagorar iyaye na IMDb, yana zayyana abin da ke ciki filla-filla.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Saura data, tana ƙarewa kamar ana zuƙe ta. Kuma a talabijin magana ba ta fita sosai, amma da an fara harbi sai ɗaki ya ɗauka.

Injiniya: A lissafin Netflix, awa ɗaya tana cin har gigabait 1 a hoto na gama-gari, har 3 a HD, har 7 a 4K. Fim mai awa biyu a HD ke nan zai iya lashe 6. A allon waya da wuya ido ya bambanta ingancin hoto na 720 da na 1080, don haka shiga saiti ka rage inganci, ka kashe kunna tirela da kanta, ka sauke fim lokacin da kake kan Wi-Fi.

Muryar kuwa, an haɗa sautin ne don lasifika shida, maganar 'yan wasa tana ta tsakiya. Talabijin mai lasifika biyu sai ta cakuɗa su, ƙarar fashewa ta danne magana. A zaɓin sauti na fim ɗin, bar 5.1 (na lasifika shida) ka ɗauki sitiriyo (na lasifika biyu), sannan ka kunna saitin ƙara fitar da murya ko na dare idan akwai. Tunda ka shiga saitin, kashe mai sulɓin motsi: TruMotion a LG, Motionflow a Sony, Auto Motion Plus ko Picture Clarity a Samsung. Fim hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa, shi kuma yana cusa nasa a tsakani, sai fim ya koma kamar bidiyon waya. In talabijin ɗinka tana da Filmmaker Mode, danna shi kawai, zai kashe maka sulɓin motsin.