Wuƙar aljihu mai araha: rubutun da ke jikin ƙarfen gaskiya ne?

Ɗan Balad:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wuƙa mai naɗewa ta yanka kwali da igiya a wurin aiki, nan Jidda, da ɗan yanka nama idan an fita kashta, wato yawon shaƙatawa a bayan gari. Kuɗina bai wuce riyal 100 ba. Wata an rubuta mata 440, wata D2, wata 8Cr13MoV, wata kuma "stainless" kawai, wato marar tsatsa. Wanne ƙarfe ya fi, kuma ta yaya zan gane ta ƙwarai tun ina cikin shago?

Malam Na Batha:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Fara da karanta lambar. A ƙarafan China, lambar farko karbon ce, ta biyu kuromiyam. 8Cr13MoV na nufin karbon kusan kashi 0.8 cikin ɗari, kuromiyam kashi 13. 3Cr13 kuwa karbon ɗinsa kusan 0.3 ne. Karbon ke ba ƙarfe tauri ya riƙe kaifi, kuromiyam ke hana tsatsa. Shi ya sa 3Cr13 ba ya saurin tsatsa, amma ka yanka kwali kaɗan sai ya dakushe. Wadda aka rubuta mata "stainless" ba lamba, ka ɗauka irin wannan ce.

440 zalla ma kada ya ruɗe ka. Akwai 440A, 440B da 440C, kuma na kirkin shi ne C, mai karbon kusan kashi 1. Duk wanda ya sa 440C zai rubuta harafin don ya sayar da kayansa. Idan ka ga babu harafi, to an ɓoye ne.

D2 yana da karbon kusan 1.5, kuromiyam 12. Yana riƙe kaifi sosai a kan kwali, taurinsa kan kai 60 a ma'aunin Rockwell, inda 8Cr13MoV ke tsayawa 57 zuwa 59. Sai dai karbon ɗin ya kame kaso mai yawa na kuromiyam ɗin, wanda ya rage bai isa ya kare ƙarfen ba. A Riyad mai bushewa ba damuwa. A Jidda, da danshin teku da gumin aljihu, za ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa idan ba ka goge ta kana shafa mai ba. Ni dai shawarata 14C28N na kamfanin Alleima na Suwidin (a da ɓangaren Sandvik ne) idan ka samu, don ya fi su jure danshi kuma ba ya gautsi. In babu, 8Cr13MoV ko AUS-8 na Japan, kusan ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Abu Hafsa:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Amma rubutun nan da na'ura ake zana shi, kowa na iya sa "D2" a kan 3Cr13. Kuma ko ƙarfen gaskiya ne, idan ba a gasa shi a zafin da ya dace ba, aka sanyaya shi yadda ya kamata, banza ne. Dubi kamfanin Buck na Amurka: 420HC suke amfani da shi, ƙarfe mai araha, amma saboda iya gashi yana kai 58 a Rockwell ya yi aiki. Don haka sunan kamfanin da aka sani ya fi lambar amfani. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi kuwa ɓata lokaci ne, duk ƙarfen wuƙa yana kama maganaɗisu.

Abin da za ka iya gwadawa a shago shi ne ginin. Buɗe ta har makullin ya kama, ka riƙe ruwan wuƙar ta baya, ka girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Motsin hagu da dama yawanci notin tsakiya ne ya saki, sukudireba mai bakin tauraro, T8 ko T6, zai gyara. Motsin sama da ƙasa kuwa makullin ne bai zauna ba, ajiye ta. Idan mai makullin gefe ce, wato siririn ƙarfen da ke tsallakowa ya tokare gindin wuƙar, duba inda ya tsaya. Ya kamata ya shiga gaba ɗayan kaurinsa, ya tsaya kafin tsakiya. Wanda ya kama da ɗan baki zai iya sulluɓewa ta rufe a kan yatsunka, wanda ya riga ya kai ɗaya bangon tun yana sabo ba shi da sauran wurin cinyewa. Sai ka rufe ta ka leƙa: ruwan ya kwanta a tsakiyar ƙota, kada ya gogi gefe, kada tsinin ya leƙo waje.

Wani abu: masu boris a tsakiya suna buɗewa da santsi, suna burge mai saye, amma ƙurar ƙasar nan tana shiga su fara ƙarar yashi. Mai woshar tagulla ta fi haƙuri.

Baba Mai Dutse:
Yara, kun manta da wuƙar Opinel ta Faransa, tun 1890 ake yin ta. Lamba 8 tsawon ruwanta santimita 8.5, siririya ce, ta fi masu kauri shiga nama da kwali. Ɗauki wadda aka rubuta Inox, wato marar tsatsa. Mai Carbone, wato ƙarfen karbon mai tsatsa, ta fi daɗin wasawa, amma lemon tsami ko tumatir ya taɓa ta sai ta yi baƙi. Aibinta ƙotar katako: idan ta sha ruwa takan kumbura ta riƙe wuƙar, sai ta bushe.

Duk wadda ka saya, ware kuɗin dutsen wasa wuƙa mai fuska biyu, 400 (mai kaushi) da 1000 (mai laushi). Riƙe kamar digiri 20 kowane gefe, ka goga gefe ɗaya har farcenka ya ji ɗan siririn leɓe ya juyo ta ɗaya gefen daga gindi zuwa tsini, sannan ka juya. Kada ka ba mai injin wasa na kasuwa. Idan bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurin wurin ya tafi. D2 kuma tana wahalar da dutse mai araha, sai na daimon.

Ɗan Balad:
Na gode, Baba, na gode Malam. Wane mai zan shafa, tunda za ta taɓa abinci?

Abu Hafsa:
A notin tsakiya ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa, ka goge ragowar don kada ya tara ƙura. A jikin ruwan kuwa farin man farafin na kantin magani, wanda ake sha. Man gyaɗa ko na zaitun yana daskarewa ya yi danƙo. Kuma ranar tafiya Harami ka bar ta a gida, ana duba jaka a ƙofa. A jirgi ma sai cikin akwatin awo.