Neman sunan Hausa ga coilover: koyiloba, ko shoka mai zobe?

Malamin kanikanci, Kazaure:
Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa masu sana'a. Ana shirya wa yaran gareji takardar koyon gyaran ƙafar mota da Hausa, aikin ya tsaya a kan kalma ɗaya. Akwai shokar da ake tararwa a tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, su Honda Prelude, Toyota Celica da BMW E46, waɗanda masu su na farko a Turai ko Amurka suka cire ƙafar kamfani suka ɗaura wata. Turawa na ce mata coilover, wato naɗaɗɗen sifirin a kan shoka. Jikinta da zare irin na noti, da zobba biyu ko uku da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. In ta gaji aka zo canji, da wane suna za mu kira ta? Uku nake da su a hannu: koyiloba, shoka mai sifirin, shoka mai rawani.

Malamin Hausa, Ringim:
Wa alaikumus salam, Malam. Hausa ba ta ƙyamar aro, gareji kuwa shi ne shaida: birki, sitiyari, sifana, salansa, fulogi, boris, har ita kanta shokazoba da muka gutsure ta koma shoka. In aron za a yi, koyiloba ce daidai da bakinmu, domin ba mu da harafin v, b yake komawa, kamar yadda ya koma a direba da talabijin. Sai dai waɗancan kalmomi sun zauna ne saboda kullum ana jin su a tasha, shekara da shekaru. Wannan kuwa yaro a garejin ƙauye zai iya yin wata shida bai ji ta ba, kuma ba ta gaya masa komai game da abin. Ni zuciyata ta fi karkata ga mai rawani, don sifirin ɗin naɗe yake a jikinta.

Baba mai gyaran ƙafa, Dambatta:
Malamai, rawanin da sifirin ɗin duka ba za su yi ba, kuma dalilinsu ɗaya. Ku leƙa gaban Golf ko Corolla ko 406: shokar kamfani ce, ita ma sifirin na naɗe a jikinta. Wannan tsarin MacPherson ne, sunan injiniyan Amurka da ya fito da shi. Ka aiki yaro kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi shoka mai sifirin, ita za a miƙo masa, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Bambancin yana wurin da sifirin ke zama. A ta kamfani faranti ne da aka yi wa walda, ba ya motsi har abada. A wannan kuwa zobe ne mai hawa da sauka a kan zare. Shi ake auna tsayi da shi, shi ke ƙamewa, shi ke sa aikin awa biyu ya cinye yini. To a kira ta shoka mai zobe.

Sauran kayanta ma a ba su suna tun yanzu. Wanda sifirin ke zaune a kai, zoben zama. Siririn da ake matsewa a ƙarƙashinsa don kada ya warware, zoben kulle. Kan da ke ɗaure da jikin mota, hula. Robar da ke jikin sanda, mai tare ta kada ƙarfe ya doki ƙarfe in an faɗa rami, gammo, don aikinsu ɗaya da na kan mai tallar ruwa. Robar da ke rufe sandar daga ƙura, riga. Abin murɗawa, sifana mai ƙugiya.

Alhaji mai kayan gyara, Gumel:
Baba ya yi gaskiya, ga ma abin da zai ƙara wa maganarsa ƙarfi. A bayan BMW E36 da E46 sifirin ba ya kan shoka sam, yana zaune a kan hannun ƙafa, shoka na tsaye gefe ita kaɗai. Duk da haka in ka buɗe kwalin saiti guda, za ka ga an haɗo da zobe mai zare da ake sa wa sifirin na baya. Ka ga a nan sunan Turawan ma ya kauce, rawani ya kauce, zobe ne kaɗai ya rage.

Wajen saye kuma, ba a sayen ɗaya. Gaba biyu tare, ko baya biyu tare, domin sabuwa da tsohuwa a layi ɗaya na sa mota ta karkata in an taka birki ko an sha kwana. A duba lambar da ke buge a jikin sifirin: yawanci faɗin ciki ne, da tsawo, da ƙarfi. Faɗin na zuwa milimita 60, 62 ko 65, wasu inci 2.5, kuma ba sa hawa zoben juna. In an ce ƙarfinsa 8, ana nufin sai an ɗora kilo 8 yake nitsewa milimita 1. Masu 10 ko 12 an fi yin su don filin tsere mai santsi. A kan burji da gargada taya za ta riƙa tsalle ta bar ƙasa, hula ta farfasa jikin mota. Ta hannu kuwa, in ka ga mai ya zubo ya jiƙa jikinta ƙura ta manne, ko sandar ta yi zane, ka ajiye ta. Ɗan dausayin mai a bakin sil ba laifi ba ne.

Matashin bakanike, Bichi:
Baba, a gafarce ni. Me zai hana a ce shoka mai zare, tunda zaren ne asali, zoben a kansa yake tafiya? Kuma ina tsoron yara su rikita shi da na fistin.

Baba mai gyaran ƙafa, Dambatta:
Ɗana, tambayarka ta yi. Na fistin ba wanda ke ce masa zobe a gareji, ringi ake cewa, ba za su haɗu ba. Zare kuwa kusan kowace shoka na da shi a kan sandarta inda notin hula ke shiga, ka ga bai raba komai ba. Kuma in ka durƙusa ka leƙa bayan taya, zaren ya cushe da laka ba ka ganinsa, zobban ne ke fitowa da haƙoransu, sau da yawa da launi ja ko ruwan gwal.

Sunan zai ma raba maka iri biyun. Mai zobe biyu: da zoben zama ake ɗaga mota a sauke ta, saboda haka duk saukewar da ka yi, ka ci daga tafiyar sanda. Mai zobe uku: na ukun yana ƙasa, yana kulle bututun da jikin shokar ke shigewa ciki. A ita ba a taɓa zoben zama don tsayi. Sifirin ana matse shi ne har ya daina wasa, a ƙara abin da takardar kamfani ta ce, yawanci milimita 3 zuwa 5, a kulle, a bar shi. Tsayi daga ƙasa ake nemansa. Yaron da bai san wannan ba sai ya yi ta matse sifirin yana son mota ta tashi, ya cinye tafiyar da taya ke yi zuwa ƙasa, ta riƙa bugawa ƙwas a kowane tudu.

Malamin Hausa, Ringim:
Na janye rawani. Ginin ma na gida ne, irin na keke mai giya da fitila mai ƙwai, kuma ya karɓi ƙidaya ba tare da an tilasta masa ba: mai zobe biyu, mai zobe uku. Shoka mace ce, sai a ce ta zubar da mai, ta mutu. A rubuta koyiloba sau ɗaya a farkon takarda, saboda ranar da yaro zai yi oda daga Legas ko ta intanet.

Malamin kanikanci, Kazaure:
Madalla. Bari in gwada sunan a cikin aikin, ku gyara mini. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen siminti, iskar taya daidai, a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen jikin mota da ke saman taya, duk huɗun, a rubuta. A sa weji, a sassauta notin taya, a ɗaga, a ɗora mota a kan matokarin ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba. A kwance sandar sitabilaiza, da maƙalin tiyon birki, da wayar na'urar birki ta ABS in akwai. A tallafi hannun ƙafa da jak don kada nauyinsa ya rataya a tiyon birki ko ya zaro shaf. A cire kusoshin ƙasan shokar, sannan notocin hula, uku a gaban E46, wani na riƙe da shokar. Notin tsakiya ba a taɓa shi sai an sauke zoben zama sifirin ya saki. A jera sabuwar mai zobe kusa da tsohuwar, a daidaita tsawon hagu da dama da awo kafin a ɗaura. A mayar da komai, a sauke, a tura mota gaba da baya ta zauna, a sake awo. Notin taya da sifana mai awo: 108 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a Honda, 120 a E46.

Baba mai gyaran ƙafa, Dambatta:
Ya zauna a baki, Malam. Ga abin da za a ƙara, don nan ake ɓarna. Duk kusar da ta ratsa bushin roba, kada a ƙarasa ɗaure ta mota na rataye. A bari sai nauyi ya hau ƙafar. In aka ɗaure a sama, da an sauke robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta yage. Notin sanda ba a sa masa bindigar iska, kuma ba a kama sandar da filaya, zane ɗaya ya isa ya yanka sil. Ba a murɗa zobe mota na ƙasa, sai an ɗaga. Zagaye ɗaya yawanci milimita 1.5 ne ko 2, amma a Prelude da bayan E46, inda sifirin bai kai bakin taya ba, abin da taya za ta motsa ya fi haka. A yi kaɗan, a sauke, a auna.

Zoben da ya ƙame, ƙurar hunturu ce da lakar damina suka cushe zaren, ga zoben alminiyam a kan jikin ƙarfe, in ruwa ya shiga tsakaninsu sai su ci juna. A goge da buroshin waya, a jiƙa da man sassauta tsatsa ya kwana, sannan sifana mai ƙugiya. Cizal da guduma haƙoran kawai suke karyawa. Wuta kuwa haram a wurin nan, akwai iskar naitirojin a matse a ciki. A sabuwa, a shafa man hana ƙamewa siriri, kada a lafta giris, yashi yake kamawa ya zama kamar faifan wasa wuƙa. A ɗinka mata rigar tamfol ta rufe zaren.

Alhaji mai kayan gyara, Gumel:
A ƙara batun hula. Akwai mai ƙwallon ƙarfe tsirara, akwai mai roba. Ga motar da ke shiga ƙauye a ɗauki mai roba, ɗayar ƙura na shigarta ta fara ƙara. Tsayi kuma, ni shawarata kada a sauka fiye da milimita 20 daga na kamfani, in ma so samu ne a bar ta a inda take. Tudun rage gudu na bakin kasuwanni ba ya barin kaskon mai na ƙasan inji.

Matashin bakanike, Bichi:
Na karɓa, Baba. Saura maɓallin da ke kan sanda, mai ƙara wa shoka tauri ko taushi: a murɗa shi a hankali zuwa ƙarshen tauri, kada a tilasta, sannan a dawo ana ƙirga ƙas-ƙas ɗin, hagu da dama lamba ɗaya, a fara daga tsakiya zuwa ɓangaren taushi. Bayan 'yan kwanaki sifirin ya gama zama, a sake awo, a duba zoben kulle, sannan a kai ta saitin ƙafa, in ba haka ba cikin taya zai cinye.

Malamin kanikanci, Kazaure:
An rubuta: shoka mai zobe, iri biyu, da zoben zama, zoben kulle, hula, gammo da riga. Zoben na uku ne bai samu suna ba. Baba, zoben tsayi ya yi?

Baba mai gyaran ƙafa, Dambatta:
Zoben ƙasa ya fi, Malam, don shi kullewa kawai yake yi, jikin shokar ake juyawa a samu tsayi. A sa a takardar cewa kada a zaro jikin daga bututun ya wuce iyakar da kamfani ya rubuta, zaren da ya rage a ciki shi ke riƙe da nauyin motar.