Zuwa-zuwa ya yi wuyar zuwa

Mai Kwalabe, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ni zan buɗe. Shekara 11 ina zaune bakin kwalta a nan Garwa ta arewacin Kamaru da teburin kwalabe, ina sayar da man Najeriya da muke ce wa zuwa-zuwa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, teburin nan yake ramewa. Wanda zai amsa ya amsa da baiti, kada a kawo mini lacca.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Mai ci da tsuntsu, ba shuka, ba girbewa.

Salati ga Manzo, sannan in juyo
Kan teburin nan nawa mai ramewa.

Kwalba 20 nake jerawa da safe,
Kafin azahar duk sun yi ƙarewa.

Mai na zuwa ta Mubi, yana zuwa ta Yola,
Ta kwalekwale a Binuwai yana haurowa.

Jarka shida a bayan moto guda,
Yaro ya murɗa, ƙura na turnuƙewa.

Sai wani ya yi magana a Abuja da hantsi,
Kafin a kwana biyu Garwa na girgizawa.

Ban zaɓe shi ba, ban san ƙofar gidansa ba,
Amma shi ya sa tukunyata take hucewa.

Ni da farashina ke ƙasa da na gidan mai da nisa,
Yau ni da famfo kafaɗa muke gogawa.

Wa zai tsaya gun mai kwalba da mazurari,
Ga famfo can da lamba yana ƙirgawa?

To ku faɗa mini, ku masu hikimar baiti,
Wa ke kaɗa gangar da muke wa rawa?

Ɗan Moto, Marwa

Yaya, ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Da can lita a gidan mai sefa 630 take, kuɗinmu na Kamaru. Fabrairun 2023 ta koma 730, Fabrairun 2024 ta koma 840. Fasinja kuwa abin da ya saba miƙowa shi yake miƙowa. Na riƙe amsa-amonka.

Yaya, ka yi kuka, na ji, na tausaya,
Bari in tuna maka abin da kake mantawa.

Ran da kake sarki a bakin kwalta,
Kwalbar ba ta kai wuya ba kake rufewa.

Wani sa'in man naka da ƙanshin kananzir,
Moto ya yi tari, ni nake turawa.

Duk da hakan na fi son ka da famfo,
Famfo bai san bashi ba, kai kana bayarwa.

Famfo bai san an yi mini haihuwa ba,
Ba ya cewa je ka, gobe ma ana haɗuwa.

Yawunde ta ce tallafi ya yi mata nauyi,
Ta sauke kayan, wuyana ke lanƙwashewa.

In na ƙara wa fasinja 50, ya sauka,
Ya ce ƙafa ma an yi ta ne don takawa.

Shekarun baya tsaro ya ɗaure moto,
Yanzu ba doka, tsada ce ke ɗaurewa.

Baba Mai Goro, Ngaundere

'Ya'yana, jikana ke rubutawa, ni ina faɗa. Ku yi haƙuri, tsoho ba ya bin amsa-amon yara, nawa zan kafa. Zancen Janairun 1994 zan yi muku. Kafin nan sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai 100. Yanzu kuma yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kullum haka, ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Ku matso, yara, tsoho zai yi bayani,
Kiɗan da kuke ji na san shi tun wani zamani,
Makaɗin na nesa, ba ya zuwa a gani,
Ba yau aka fara sa mu rawar dole ba.

Mun kwanta dare da kuɗinmu cikin jaka,
Ba ɓarawo, ba gobara a ɗaka,
Da safe rediyo ta ce an raba su tsaka,
Rabi ya tafi, ba a yaga ko takarda ba.

A Dakar aka zauna, shugabanni da baƙi,
Magani ya hau sama kamar ana yaƙi,
Na roƙi sauƙi gun masu bi na, sun ƙi,
Huhun goro goma ban mai da uwar kuɗi ba.

Tun kafin a haife ku sefa na ɗaure a turke,
Da can faran ne, yau yuro ke riƙe,
Naira kuwa akuya ce da aka sake,
Ba ta taɓa kwana inda ta yini ba.

Wadda ke ɗaure ba ta ɓata, ba ta kiwo,
Wadda ke sake tana ƙoshi, tana ciwo,
Mu 'yan iyaka kowacce ta ja mu ta jawo,
Ba mu taɓa cin kasuwa da aljihu ɗaya ba.

Ɗana mai kwalba, ribar da ka ci a baya,
Tallafin talakan Najeriya ne ya ɓullo ta hanya,
Romon wani ka sha, bari in faɗa maka gaskiya,
Mai tukunya ya rufe, bai zalunce ka ba.

Mai Kwalabe, Garwa

Baba, na durƙusa, maganarka dutse ce,
Sai dai yunwa ba ta tambayar mai dafawa.

Romon nan kuma ba ni kaɗai na sha ba,
Kowane shinge a hanya yana lasawa.

Mai Lema, kasuwar Garwa

Baba, a gafarce ni in tsoma baki. Ni ƙarƙashin lema nake yini da waya biyu, ɗaya ta MTN ɗaya ta Orange, ina tura wa mutane kuɗi ina cire musu. Tun Janairun 2022 gwamnati ke ɗaukar kashi 0.2 cikin 100 in ka tura, ta sake ɗauka in aka cire a hannu. A sefa 10,000, sefa 20 ke nan kowane gefe, ban da na kamfani.

Kun yi ta kukan mai kamar shi kaɗai ne kaya,
Ku zo ƙarƙashin lemata ku ga duniya.

Da can in za ki aika wa ɗa kuɗi Yawunde,
Sai kin nemo direba mai gaskiya.

Ki naɗe a tsumma, ki ɗaure, ki yi ta addu'a,
Kada zargina, 'yan fashi, su tare su a hanya.

Yau kafin shayinki ya huce a kofi,
Ya kira ya ce Inna, sun shigo lafiya.

Wannan alheri ne, ko maƙiyi ya yarda,
Sai dai alherin na da 'yar wuƙa a baya.

Kuɗin ɗaurin zane ba mai ganinsu,
Da sun shiga waya, hukuma ta gani gaba ɗaya.

Ashirin-ashirin, aikin ɓera da buhu,
Ba a jin motsi, sai a tarar da ɓawon gujiya.

Ga tsohuwa ta zo, ba ta karanta Faransanci,
Lambar sirrinta a bakina take ajiya.

Ɗan damfara ya kira ta da daddare,
Wai ta ci kyauta, ta faɗi lamba, ya kwashe dukiya.

Da safe ni ta riƙe wa zane tana kuka,
Ni da ribar yinina ba ta wuce kuɗin miya.

In wuta ta ɗauke, eriya ta yi shiru,
Kuɗinka na nan, ba guga, suna rijiya.

Ɗan Moto, Marwa

An ce BEAC, babban bankin da ke buga mana sefa, ya fito da sababbin silalla a Afrilun 2025, har da ta 200.

Yaya Mai Lema, ko kin gan su a hannu?
Ni dai a hoto na fi ganin suna yawa.

Fasinja ya ba ni 500, mu tsaya cirko-cirko,
Neman canji ya fi tafiyar daɗewa.

Manomi, wajen Marwa

Da damina auduga nake yi, da rani albasa a bakin rafi. Auduga dai kun san tsarinta: kamfanin auduga na Sodecoton ke saye tun 1974, ana faɗin farashi tun ba a girbe ba, taki da maganin ƙwari a ba ƙungiya bashi, a cire ranar awo. Albasa kuwa kai da Allahnka da dillali. Hajiya Mai Lema, ga amsarki.

Hajiya, na yarda da rabin zancenki,
Ɗaya rabin bari in kawo shi daga gona.

Da can dillali zai zo da fuskar tausayi,
Ya ce albasa ta faɗi a Duwala, ɗan'uwana.

In yarda, don ba ni da ido a can,
In sallama buhu, in haɗiye ɓacin raina.

Yau kafin ya kafe motonsa na kira,
Na ji farashin Duwala da kunnena.

Na faɗa masa, ya yi dariya ya ce to kai ta,
Ga titi can, ɗauki a ka, sai wata rana.

Waya ta ba ni ido, ba ta ba ni ƙafa ba,
Sanin ana cuta ta shi ne ƙarin da na samu bana.

Albasa ba ta jiran mai taurin kai,
Ba rumbun kirki, ruɓewa take a idona.

Injin ban-ruwa kuwa man Yaya yake sha,
Da ya yi tsada, rabin fadamar na bar wa rana.

Auduga ba ta sa ka kuɗi, ba ta kashe ka,
Kamar sefar Baba, a turke take kwana.

Albasa naira ce, 'yar caca,
Bara ta yi mini rufin kwano, bana ta ci jarina.

Mai Lema, kasuwar Garwa

Kawu, ka kayar da ni, na karɓi faɗuwa,
Amma kuɗin buhun ta ina suka zo? Ta waya.

Direban Kamyo, Kusuri

Na karanta duka a wajen jiran layin gada. Ni da kamyo, wato babbar mota, kayan jirgin ƙasa nake ɗauka daga Ngaundere zuwa Injamena, da dawowa in ɗauko albasa irin ta Kawu in yi kudu. Ga abin da ya kamata ku sani game da Cadi. Tun 2003 manta ke bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi. Tun 2011 tana da matata a Jarmaya. Duk da haka a Fabrairun 2024 litar esansi, wato fetur, ta tashi daga sefa 518 zuwa 730. Kuma daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar, wata 16.

Kawu manomi, kafin ka tsine wa mota,
Zo hau gaba mu tafi Kusuri.

Daga Mora zuwa Dabanga ba a gudu,
Rami ke miƙa ka ga rami, sai haƙuri.

Tafiyar da za a gama kafin azahar,
Da damina na kwana uku ban ga gari.

In na juyo kudu, ga tsaunin Ngaundere,
Kamyo na nishi, birki na neman tsari.

Taya ta fashe, sifirin ya karye,
Kowane shinge da hannu a miƙe, ba sirri.

Duk wannan a kan buhunka ake raba shi,
Shi ya sa kuɗin gona da na Duwala ba sa haɗa wuri.

Na haye gadar Ngeli na shiga Injamena,
Ƙasar da ke da rijiyar mai, ba labari.

Bututu ya ɗauke shi daga Doba har teku,
Ya ratsa Kamaru a binne, ba ko tari.

Ga matata a gefe tana ta hayaƙi,
Na ga layin moto ya kai bayan gari.

Yaya, mai rijiya ma ya kwana da ƙishi,
Bare kai mai roƙo da mazurari.

Hajiya, wanda ya kunna intanet shi ke iya kashewa,
Na gani a Cadi, ba sallama, ba shiri.

Mai Kwalabe, Garwa

To na ji. Bari in faɗa muku abin da na ɓoye. Kun san wutarmu daga madatsar Lagdo take, wadda 'yan Sin suka gama a 1982, megawat 72 in ruwa ya cika. In rani ya yi tsanani sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. An kafa gonakin hasken rana a Marwa da Gidar, ni ma na ce bari in kafa tawa daidai ƙarfina.

Na sayar da jarkoki, na sayo farantin sola,
Kan teburin kwalabe yake kishingiɗawa.

In wuta ta ɗauke ni kuma kasuwa ta buɗe,
Waya 15 a jere suna ta ƙyaftawa.

Da can addu'ata kada iyaka ta rufe,
Yau, Allah ya yafe mini, duhu nake jira da zuwa.

Rana dai ba ta Abuja ba ce, ba ta Yawunde ba,
Har yanzu ban ji an sa mata kuɗin shigowa.

Direban Kamyo, Kusuri

Yi a hankali, Yaya, kada su ji ka,
Farantin ma ta tashar Duwala ya shigo gari.

Ɗan Moto, Marwa

Tunda an zo tonon asiri, ni ma ga nawa. Baba, a yi mana hukunci.

Yaya na bi na lita uku tun ina Garwa,
Tun kafin mai ganga ya sauya kaɗawa.

Yau na samu, ina so in sauke nauyi,
Kuɗin jiya zan ba shi, ko na yau da ke hauhawa?

Baba Mai Goro, Ngaundere

Da aro ka yi, ɗana, lita za ka mayar,
Amma saye ka yi, an faɗi kuɗi, ya sayar,
Abin da kuka yanka ranar shi za ka bayar,
Mai kwalba ya yi haƙuri, bai ci wannan ma ba.

Mai Kwalabe, Garwa

Baba, sau biyu yau kana kayar da ni,
Turo, ƙanena, kafin Baba ya ce gaba ɗaya in yafe wa kowa.

Mai Lema, kasuwar Garwa

Ƙanena, turo ta lemata, ina nan har magariba,
Ka haɗo da na cirewa, kada Yaya ya sake kuka a hanya.