Neman kalma: me za mu kira lektar ɗin faifai a shirin gobe?

Ƴar Tawa: Assalamu alaikum, ina wuninku. Gobe bayan la'asar ina da shiri na minti 15 a rediyo, kuma shugaban shirye-shirye ya ce ba ya son jin Faransanci sai inda ya zama dole. Batun shi ne mutum ya kunna ordinatar, wato kwamfuta, ya saka faifan CD ko DVD, ya duba ya ga babu ko alamar wurin faifan, kamar ba a taɓa sa shi ba. Mu ma haka ta same mu da injin da muke kwashe tsofaffin wa'azozi da shi. Kalma uku nake nema: lecteur ɗin kansa (lektar, inda ake saka faifan), pilote (ƴar manhajar da ke haɗa shi da Windows), da "non reconnu" (na'ura ba ta gane shi ba). Don Allah ku taimaka, daren nan zan rubuta.

Ɗalibin Yamai: Wa alaikumus salam Yaya. Na farko ai babu wuya: makarancin faifai.

Hajiyar Ƙonni: Makaranci kuma? Ki ce a rediyo "makarancin ya ƙi aiki", sai a zaci wani alaramma ne aka gayyato ya yi fushi da sadakar da aka ba shi.

Ɗalibin Yamai: To wurin da ake karanta faifai.

Hajiyar Ƙonni: Wato makarantar faifai. Aji nawa gare ta?

Bakano a Tawa: Mu a gida sidi-rom kawai muke cewa, kowa ya gane. Pilote kuma direba.

Mushe mai ritaya: Kun gani ko? Wannan ya jawo daga Faransanci, wancan daga Ingilishi, babu wanda ya leƙa cikin gida. Ɗiyata, saurara. Da garmaho ya zo ƙasar Hausa, iyayenmu ba su ari sunan abin da ake ɗora masa ba. Sun duba suka ga yana kama da faifan da mata ke saƙawa suna rufe ƙwarya, suka ce faifai, ga shi har yau da shi muke aiki. Haka za mu yi. Abin da ake buɗewa da shi mabuɗi, abin da ake gogewa da shi magogi, to abin da ke juya faifai majuyi. Majuyin faifai. Na daɗe ina amfani da ita a gidana, jikokina duk sun sani.

Hajiyar Ƙonni: Baba Mushe, ni majuyi muciya yake tuna mini. Da faifai da abin juyi, saura tukunya a tuƙa tuwo.

Mushe mai ritaya: Hajiya, ba wasa aka tara mu yi ba.

Mai gyara: Baba, ranka shi daɗe, majuyi na da daɗin ji, amma cikin akwatin nan ba abu guda ke juyi ba. Fanka na juyi. Disk dur, inda anka ajiye Windows da duk takardun mutum, shi ma faifai ne, shina juyi sau 5400 ko 7200 cikin minti guda. In Malama ta ce "ku zare wayar majuyi", wallahi wani ta disk dur zai zare, jibi shi zo shagona da kuka. Abin da ya raba lektar da sauran shi ne ido. Haske yake harbawa bisa faifan, shi karanta abin da ya dawo. Kuma ba haske guda ba ne: na CD, mai ɗaukar mega 700, ido bai ganinai, na DVD, mai jiga 4,7, ja ne. Shi ya sa kike ganin lektar ta karɓi CD ta ƙi DVD, ɗaya ya mutu ɗaya na da rai.

Amma Malama, ni kalmarki ta uku ta fi damuna. "Non reconnu" ɗin nan cuta uku ce anka haɗa cikin suna guda, kuma Hausa ta riga ta raba su: gani, ganewa, karantawa.

Ƴar Tawa: Ci gaba ƙanena, biro na hannuna.

Mai gyara: Na farko, na'ura ba ta *ganin* shi. A kashe a sake kunnawa, a riƙa danna F2 ko Suppr har a shiga BIOS, allon da ke jera kayan cikin na'ura tun kafin Windows ya tashi. In babu sunan lektar cikin jerin, to kada a wahal da kai da Windows, matsalar waya ce ko kuran, wato wutar lantarki. Danna maɓallin tire, farantin da ake ɗora faifai: in fitila ba ta kama ba, bai fito ba, wuta ba ta isa gare shi. A zare na'ura daga soket, a buɗe akwati. Waya biyu gare shi in SATA ne, ƴar siririya mai haƙora 7 ta saƙo, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. A cire, a hure ƙura, a mayar sosai, ko a gwada wata wayar da wani ramin. Tsofaffin injuna suna da waya mai faɗi kamar ɗamara, mai rami 40, da wani ɗan abin toshewa a baya da ke nuna wane ne babba wane ne ƙarami in biyu sunka haɗa waya guda. Portabul kuwa, na'urar tafi-da-gidanka, yawanci kusa guda ce ta riƙe shi daga ƙasa, a kwance, a jawo shi, a sake turawa.

Na biyu, ta gan shi amma ba ta *gane* shi ba. BIOS ya nuna sunan, Windows ya yi shiru. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta devmgmt.msc, a nemi layin Lecteurs de DVD/CD-ROM. In da ɗan alwatika rawaya kusa da sunan, a buɗe, za a iske lamba, 19, 31, 32, 39 ko 41. A danna Désinstaller, a sake kunna na'ura, da kanta za ta mayar da pilot ɗin. In ya ƙi, sau da yawa manhajar ƙona faifai ce da anka taɓa sawa anka cire ta bar saura. Nan mu muke shiga regedit, kundin saitunan Windows, ƙarƙashin maɓallin da ya fara da 4D36E965, mu goge UpperFilters da LowerFilters.

Na uku, ta gani, ta gane, ga harafin D: ko E: a fili, amma faifan bai *karantuwa*. Wannan ko faifan ya kankare, ko ƙurar hunturun Tawa ta rufe idon. A goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba da'ira ba, a gwada wani faifan kafin a ɗora laifi bisa lektar.

Hajiyar Ƙonni: Allah shi yi albarka. Wannan ko ni na gane.

Ƴar Tawa: Gani, ganewa, karantawa. Na ɗauka, kalmata ta uku ta samu. Saura pilote. Matuƙi zan ce?

Bakano a Tawa: Na ce direba.

Ɗalibin Yamai: Direba mota yake ja, matuƙi jirgi ko kwalekwale. Dukansu ba abin da suke gaya wa mai sauraro. Aikin abin shi ne Windows ya yi magana da yarensa, lektar na da nata yaren, shi ya tsaya tsakani. Ni dai tafinta na gani. Babu tafinta, ga baƙo a tsaye, ana ganinsa ba a gane shi.

Mai gyara: Wanga yaro ya harbi wuri. Désinstaller ɗin ma sai a ce a sallami tafinta a kira sabo.

Mushe mai ritaya: Madalla. Ga Hausa tsantsa, ba direba ba. Wannan na yarda da ita.

Bakano a Tawa: Tsantsa? Baba, da girmanka, tafinta daga Ingilishi ta fito, daga sunan da Turawan mulki ke kiran mai yi musu fassara. Ita da direba uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Garmahon da ka kafa hujja da shi ma aro ne.

Mushe mai ritaya: Wadda ta shekara ɗari a gida ta haifi ƴaƴa, har ana cewa tafintanci, ba baƙuwa ba ce. Abin da na ƙi shi ne na jiya-jiya. Kuma tunda ka taɓo, ku ne kuka cika mana kunne da sidi da dibidi da kwamfuta, kuna ganin duk abin da ba a faɗa a Kano ba ba Hausa ba ne.

Bakano a Tawa: Ku kuma sede da debede da ordinatar. Wa ya fi wani? Aƙalla kwamfuta duk gidajen rediyon duniya masu sashen Hausa da ita suke aiki.

Mushe mai ritaya: Ka manta a Yamai aka zauna taron daidaita rubutun Hausa a 1980, ba a Kano ba. Muna da dokarmu ta rubutu tun 1999, shi ya sa nake rubuta ƴ da ƙugiyarta, ku kuna maƙala wa y waƙafi a gaba. Kuma tun Maris ɗin 2025 kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. To harshen ƙasa ne zai tsaya yana bara a ƙofar lektar? Ƙwarya ta bi ƙwarya.

Ɗalibin Yamai: Baba, a nan Yamai rabin masu gyara Zabarmanci suke yi, su ma lektar suke cewa. In mai sauraro ya je kasuwa ya ce a sayar masa da majuyi, wa zai gane shi? Ko mutanen INDRAP, cibiyar da ke shirya littattafan makaranta a Nijar, suka buga ta a littafi, sai mai shago ya karɓe ta za ta rayu.

Mushe mai ritaya: Da haka iyayenmu suka yi tunani, da yanzu "diski" kake cewa, ba faifai ba.

Hajiyar Ƙonni: Ku yi haƙuri, yarinya na da shiri gobe. Ni a gida in zan aiki yaro cewa nake "buɗe gidan faifan". Gidan waya, gidan sauro, gidan faifai. Babu wanda ya taɓa tambayata me nake nufi.

Mai gyara: Gidan faifai bai rikicewa da fanka. Kuma ana iya cewa ƙofar gidan ta ƙi buɗewa, a nemi ɗan ramin da ke gaba a tura waya siririya, ƙulli shi saki. Ya yi mini.

Mushe mai ritaya: Kwalin da ake ajiye faifai a ciki fa? Shi ma ai gidan faifai ne.

Mai gyara: Nan kam Baba ya kama mu.

Ƴar Tawa: Sha ɗaya ta wuce, ga abin da na rubuta: "In na'urarka ta daina nuna gidan faifai, wato lektar, tambaya uku za ka yi. Tana ganinsa? Ta gane shi? Yana karantawa? Rashin gani na waya ne da wuta. Rashin ganewa na tafinta ne, ƴar manhajar da ke tsakaninsa da Windows. Rashin karantawa na ido ne ko na faifan." Lektar sau ɗaya zan faɗa a farko don wanda zai je kasuwa. Kwalin kuma kwali zan ce, Baba. Majuyi zan ambace ta a ƙarshe a matsayin shawarar wani dattijo, masu kira su zaɓa.

Mushe mai ritaya: A ƙarshe, lokacin da kowa ya tashi alwala. To, shirinki ne ɗiyata. Amma ki faɗe ta da kyau, ki ja "ju" ɗin, kada su ji wani abu daban. Ni dai a gidana majuyi ne.

Bakano a Tawa: Ordinatar ko kwamfuta za ki ce?

Ƴar Tawa: Na'ura. Kada ku sake tayar mini da wata.

Mai gyara: Malama, abu biyu kafin ki rufe littafi. Zancen regedit kada ki karanta shi ga rediyo kamar girki. Sunayen nan biyu, UpperFilters da LowerFilters, suna nan ƙarƙashin wasu maɓallan, wanda ya goge na kilabiye, allon rubutu, sai shi iske ba harafin da ke shiga. Ki ce a kai wa wanda ya iya. Na biyu, tun daga Windows 8 na'ura ba ta buga fim ɗin DVD da kanta, sai an sa mata manhajar kallon fim irin su VLC. Da yawa sun kawo mini faifan bikinsu suna cewa lektar ta mutu, alhali lafiyarta lau. Injin naku na wa'azi kuma ki turo shi da safe, in duba kafin la'asar.