Ta ci 286 a JAMB an ba ta Fisiyoloji: ta karɓa ko in sayar da fili?

Baban Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. 'Yata ta ci 286 a JAMB bana, karo na biyu ke nan tana neman likitanci. Da muka duba CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, sai muka ga an tura ta Fisiyoloji maimakon likitanci, tun ranar ko abinci ba ta ci sosai. Ina da fili guda ɗaya a bayan gari, wani ya ce in sayar in kai ta Masar. Sudan ba ta cikin lissafi saboda yaƙi. Ta karɓa, ko ta sake zama, ko in sayar? Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa min.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Alhaji ka kai ta Sudan kawai, ƙanwata can ta yi, ga arha ga tarbiyya.

Maman Sadiq: Malam ka karanta kuwa? Tun watan Afrilun 2023 ake yaƙi, a motoci aka kwaso yaranmu zuwa iyakar Masar. Baban Ikram, kada ta danna karɓa da tunanin za ta canja daga baya. Ɗana haka aka ce masa, har ya gama Anatomi bai ga canjin ba.

Malam Na Rajista: Na yi aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Sannan MDCN, hukumar kula da aikin likitoci, ita ce ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban likitanci da za ta ɗauka. Dubbai ne ke neman kujeru ƙalilan, kuma makin JAMB ba shi kaɗai ake dubawa ba, ana haɗawa da jarrabawar tantancewa. Nawa ta ci a can?

Tsohon Ɗalibi: Malam, bar zancen kashi-kashin nan, a takarda yake. Ni 301 na ci. Babana direban tifa ne, ya sa rigarsa ta sallah ya raka ni jami'ar, muka wuni a baranda, wani ya leƙo ya ce a je a dawo. Yaron da muke benci ɗaya, wanda ni nake koya masa Kemistiri, bai kai 250 ba, amma kawunsa ya ɗaga waya. Yau shi ake ce wa dakta, ni ina koyarwa a makarantar kuɗi, albashina ba ya kai ni tsakiyar wata. Ko masu 45 ɗin nan an taɓa liƙa makinsu a allo kowa ya gani? Babana har ya rasu yana ganin ni ne ban yi ƙoƙari ba. Wannan ce ba zan yafe ba.

Maman Sadiq: Allah ya ji ƙansa, ya musanya maka da mafi alheri.

Malam Na Rajista: Amin. Ban ce ba a yin alfarma ba, amma ba kowa ne ya shiga da waya ba.

Tsohon Ɗalibi: Dole ka kare su mana, a can ka ci abinci.

Abu Hanan: Mu koma kan Masar. Nawa yaron dala 6,000 nake biya masa a shekara, ban da haya da abinci.

Hajiya Turai: Wace Masar ɗin? Mu 8,000 aka ce mana, ga kuɗin rajista na shekarar farko, ga na ejan.

Ɗan Fagge: Ejan ne ya yanke ki Hajiya. Akwai inda ake yi da 3,500.

Abu Hanan: Mai 3,500 ɗin ka fara tambaya ko MDCN ta san da zamanta. Alhaji, fili sau ɗaya ake sayarwa, dala kuwa duk shekara ake nema.

Dakta Gida: Ni a nan na yi MBBS, wato digirin likitanci, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye mana wata takwas. Duk wanda ya karanta a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa marar lafiya, kuma da yawa suna faɗuwa. Na ga wadda ta dawo da digiri mai kyau ba ta taɓa sa wa yaro ruwa ba, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a littafi kawai ta san shi. Amma da zarar an ce daga waje take, sai ka ga dangin marar lafiya sun bi ta sun bar mu.

Hajiya Turai: Hassada ce kawai. Ku da kuke cunkushe a gado ɗaya kuna leƙe ta kafaɗar juna?

Ɗan Fagge: Ni dai na fi shekara goma a harkar lafiya, na san na gida na san na waje.

Dakta Gida: Harkar lafiya ko kemis?

Sarkin Shayi: Alhaji ka ba ni filin in koya mata ɗori da cire haƙori, wata shida ta fito, babu ASUU babu dala.

Baban Ikram: Allah ya shirye ka. Malam Na Rajista, 68 ta ci a tantancewar. Yanzu ta karɓa ko ta bari?

Dakta Gida: Ni abin da ke ƙona min rai, jiharmu ta kashe miliyoyi ta tura wasu waje, suna dawowa aka ba su aiki. Mu da muka karanta a gida ko tallafin littafi ba mu gani ba, gurbin horon shekara ɗaya a asibiti ma sai da na yi zaman jira. Sannan a 2023 wani ɗan majalisa ya kawo ƙudirin a riƙe mana cikakken lasisi sai mun yi shekara biyar muna aiki a ƙasa.

Abu Hanan: To ai gara a riƙe ɗin. Da kuɗin talaka aka koyar da ku, kuna gamawa sai Saudiyya da Ingila.

Dakta Gida: Ka zo ka kwana a ɗakin gaggawa da fitilar waya, sannan mu yi wannan maganar.